Ciyawar kan tudu: ina saniya za ta ci, ina ɓauna za ta sha?

Duk wanda ya sayi tsire a bakin titi a Lome, ko ya ɗauki wagashi a Asigame, ko ya je Adetikope neman sa don hidimar biki, da ciyawa ya yi ciniki, ko ya sani ko bai sani ba. Saniyar da ake yanka mana a nan bakin teku ba a nan ta yi ƙiba ba. Wata daga Burkina Faso ta fito, wata daga Nijar, wata kuma a tsaunukan tsakiyar ƙasar nan ta yi rani. A kan waɗannan tsaunuka ne kuma 'yan namun dajin da suka rage wa Togo suke fakewa. Ciyawar da saniya take nema ita ɓauna take nema, kuma a rafi ɗaya suke shan ruwa.

Mu mutanen Zongo ba baƙi ba ne a harkar shanu. Tun kakanni a cikinmu ake samun masu masaukin da ke karɓar fataken dabbobi, da dillalai, da mahauta, da masu tsire. Amma da zarar an ambaci gandun daji sai mu ɗauka zance ne na Turawa masu ɗaukar hoto da ma'aikata masu koren kaki. Ni dai a ganina zancen namu ne, domin ranar da tudun ya mutu, farashin nama a kasuwa ne zai fara sanar da mu. Kuma wanda ya duba lamarin da kyau zai ga ba a kan "ko saniya ko ɓauna" rigimar take ba. A kan lokaci take da adadi: yaushe za a hau tudu, da shanu nawa, yaushe za a sauko, da wa kuma aka zauna aka yanke hakan.

Tudun da ake magana a kai

Togo doguwa ce siririya, kimanin kilomita 600 daga teku zuwa iyakar Burkina. Jerin tsaunuka ya ratsa ta a karkace, daga wajen Kpalime a kudu maso yamma, ya bi ta Danyi da Fazao da Aledjo, ya shige Atakora ta ƙasar Benin. Mafi tsawo a cikinsu shi ne Dutsen Agu, mita 986. Wanda ya taɓa bin babbar hanyar arewa ya san wurin nan na Aledjo, tsakanin Sokode da Bafilo, inda aka tsaga dutse mota take bi ta tsakiya.

A yamma da Sokode, har kusa da iyakar Ghana, nan gandun Fazao-Malfakassa yake, mai faɗin hekta 192,000, mafi girma a ƙasar. An kafa shi a 1975, aka haɗa dazuzzuka biyu da aka keɓe tun zamanin Faransawa. Daga 1990 zuwa 2015 gidauniyar Franz Weber ta ƙasar Siwizalan ce ta riƙe shi bisa yarjejeniya da gwamnati, bayan nan ya koma hannun hukuma. A cikinsa akwai giwa da ɓauna da gwambaza da mazo da gada da birai iri-iri. Daji ne mai itatuwa jefi-jefi, da kurmi a bakin rafuka, sai ciyawa a kan gangare da ƙololuwar duwatsu.

Abin da ya kamata ɗan birni ya riƙe shi ne, tudun nan shi ne randar ƙasar. Daga tsaunukan Fazao kogin Aniye yake tasowa ya zuba cikin Mono, kogin da aka gina madatsar Nangbeto a kansa a 1987 don samar wa Togo da Benin wutar lantarki. Wasu rafukan kuma yamma suke gangarawa, su bi ta kogin Mo zuwa Oti. Ke nan abin da ya sami ciyawar can sama yana iske mu a nan ƙasa.

Me ya sa ciyawar tudu ba ta da juriya?

A kan gangare ƙasa ba ta da kauri. Taki ɗaya ko biyu ka haƙa sai ka iske dutse. Abin da ke riƙe da wannan 'yar ƙasar shi ne saiwar ciyawa. Duk shekara, idan muka zo darasin zaizayar ƙasa, nakan sa yara su cika faranti biyu da ƙasa, ɗaya da ciyawarta da saiwarta, ɗaya tsirara. Mu jingina su a karkace, mu zuba musu ruwa da buta. Daga mai ciyawa ruwa kaɗan ne ke fitowa, a hankali, kusan garau. Daga ɗayan kuwa sai ka ga jan ruwa ya kwararo nan take, ya tafi da rabin ƙasar. To abin da ke faruwa ke nan a kan tudu, sai dai can babu mai sake cika farantin. Ƙasar da ruwan damina ɗaya ya kwashe, jikokinmu ma ba za su ga ta dawo ba.

Ita kuma ciyawa irin su gamba, mai shekara da shekaru a wuri ɗaya, tana da rumbunta a cikin saiwa. Da damina take tara abinci a can, da shi take tohowa bayan wuta ko bayan ruwan farko. Idan aka ci tohon sau ɗaya aka bar ta ta huta, za ta farfaɗo. Idan kuwa duk lokacin da ta leƙo sai baki ya datse ta, rumbun yakan ƙare, ta mutu. Sai tofa da sauran ciyayin da dabba ba ta so su maye gurbinta, ko wurin ya zama fako. Kofato kuma yana daddaɓe hanyar da garke yake bi kullum zuwa ruwa, hanyar ta zama magudana, magudanar ta zama kwazazzabo.

Bari mu yi lissafi irin na aji. Saniyar da ta kai kilo 250 tana buƙatar kimanin kilo 6 na busasshiyar ciyawa a rana. Garke mai shanu 100 zai ci kilo 600 ke nan kullum. A wata huɗu na rani, kwana 120, ya ci tan 72. Wannan garke ɗaya fa. Idan goma suka haɗu a kwari ɗaya saboda nan ne kaɗai ruwa ya rage, ai ba sai an kira masani ya faɗi abin da zai biyo baya ba.

Sai batun wuta. Ƙunar farko, wadda ake yi a ƙarshen damina lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, tana bi sama-sama, ta bar wasu wurare ba ta taɓa ba. Ƙunar watan Fabrairu ko Maris kuwa, lokacin da iskar hunturu ta busar da komai ƙayau, ita ce ke cin ƙananan itatuwa, ta gutsuri bakin kurmi, ta bar gangare tsirara daidai lokacin da ruwan farko mai ƙarfi zai sauko. Makiyayi yakan sa wuta don ya sami toho. Mafarauci ma yakan sa don ya koro gyazbi, wanda ake kira aguti a nan. Idan wutar ta tashi, kowa sai ya nuna ɗan'uwansa.

Inda saniya da ɓauna suke karo

Da damina babu wata rigima sosai, ciyawa ta ishi kowa. A rani ne abin yake tsanani, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu. 'Yan tafkunan da suka rage a gindin duwatsu su ne rayuwar ɓauna da gwambaza, su ne kuma rayuwar garke. Naman daji ba ya zuwa shan ruwa inda yake jin ƙarar sanda da haushin kare. Yakan janye zuwa wurin da ba shi da kyau, ya rame, haihuwa ta ragu. Giwa kuwa idan aka matsa mata a ciki, gonakin doya da masara na bakin gandu take fitowa, manomi ya kwana da asara, ya tashi da ƙin gandun gaba ɗaya.

Akwai kuma cuta, wadda ba ta san shinge ba. Annobar bushiya da ta auka wa shanun Najeriya a 1983 ta kashe ɓauna da yawa a dajin Gashaka. An kawar da bushiya daga duniya, an ba da sanarwar haka a 2011, amma sauran cututtukan da ke bi tsakanin dabbar gida da ta daji suna nan. Shi ma makiyayin yana kwasar nasa rabon, domin a kurmin da namun daji suke nan ƙudan tsando yake, shi ke sa wa shanu sammore. Don haka shiga gandu ba daɗi ba ne a wurinsa, tilas ce.

Me ya kawo tilas ɗin? Hanyoyin da aka saba bi sun toshe. Tun 1998 ƙasashen CEDEAO suka amince da ƙa'idar ƙetare iyaka da dabbobi, da takardar shaidar da makiyayi zai riƙe. A da Togo ta saba buɗe lokacin shigowar garkunan waje daga ƙarshen Janairu zuwa ƙarshen Mayu, ana biyan jaka biyar ta sefa a kan kowace saniya. Amma a ƙarshen 2019 Benin ta hana shigowar garkunan ƙetare. Rashin tsaro ya mamaye gabashin Burkina, ya taɓo yankin Savanes na ƙasar nan, inda aka kafa dokar ta-ɓaci a 2022. Gonaki kuma kullum ƙara cin burtali suke. Garken da aka tare ta gabas aka tare ta arewa, ina zai nufa in ba tudun da ya ga sauran kore a kansa ba?

Kada kuma a ɗora wa saniya laifin kowa. Gawayin da muke dafa abinci da shi a Lome daga itacen wani daji ya fito. Manoman doya suna sare sabon daji saboda doya sabuwar ƙasa take so. Madobiya, wadda makiyaya ke sassabe ganyenta su ba shanu a rani tare da kawo da maɗaci, masu katako ne suka yi mata kaca-kaca don kai wa Sin, har gwamnati ta dakatar da sararta da fitar da ita na shekara 10 a 2016. A farkon 2014 an kama hauren giwa kusan tan 4 a tashar jiragen ruwa ta Lome, kuma ba a cikin jakar makiyayi aka same shi ba. Amma da yake Bafulatani ne baƙo, shi ake gani da rana tsaka da sandarsa, shi ya fi sauƙin kamawa.

Darasin Keran: kora ba ta riƙe daji

An taɓa gwada hanyar ƙarfi a ƙasar nan. Gandun Keran, a arewa, ya fara ne da ɗan ƙaramin daji a 1950. Aka mai da shi gandun ƙasa a 1971, aka yi ta faɗaɗa shi a zamanin Shugaba Eyadema har ya haura hekta 160,000. An tashi ƙauyuka, an raba mutane da gonakinsu da kaburburan iyayensu, kuma hukuncin wanda aka kama da naman daji ya yi tsanani ƙwarai. Namun daji sun yi yawa, gaskiya ne. Amma da guguwar siyasa ta taso a 1990 da 1991, hannun hukuma ya yi sanyi, jama'a suka koma ciki da fushin shekaru. Aka karkashe dabbobin, aka sare dajin. Daga baya dole aka rage gandun zuwa kimanin hekta 69,000.

Tabon bai warke ba. A Nuwamban 2015, da aka zo da shirin farfaɗo da gandayen yankin Oti, mutanen Mango suka fito zanga-zanga, aka rasa rayuka, gwamnati ta dakatar da shirin. Mango ɗin nan fa ita ce Sansanin Mango ta fataken goro, sunanta ma da Hausa ya fara.

Mu a Zongo ba ma buƙatar dogon bayani a kan abin da kora take bari a zuciya. A 1977 aka rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar Lome, aka kwashe iyayenmu zuwa Agoe, can bayan gari. Yau shekara kusan hamsin, dattawa suna ba da labarin kamar jiya aka yi. Wanda aka tasa ba da shawararsa ba, ba zai taɓa zama mai gadin wurin da aka kore shi ba.

Darasin Mambila: sakaci ma ba ya riƙe tudu

To idan kora ba ta yi ba, sai a sake wa kowa mara ya yi yadda ya ga dama? Amsar tana kan tsaunin Mambila, a Jihar Taraba ta Najeriya, a ƙaramar hukumar Sardauna mai hedikwata a Gembu. Tudu ne mai tsawon sama da mita 1,500, ciyawa shimfiɗe iya ganinka, ga sanyi, babu ƙudan tsando. Aljannar shanu ke nan. Daga shekarun 1940 Fulani suka fara hawa da garkuna masu yawa, shanun suka yi ta haihuwa, wasu suka yi ta zuwa, kuma da yawa ba sa sauka ko da damina.

Wanda ya ga hotunan Mambila na yau zai lura da gangaren da sawun shanu ya yi wa layi-layi kamar matakala, da kwazazzabai, da wata gajeriyar ciyawa mai tauri da ta maye gurbin doguwar ta da. Manyan namun daji sun ƙaurace wa yawancin tudun. Abin da ya rage 'yan guntayen kurmi ne irin na Ngel Nyaki, inda har yanzu ake samun birin cimfanzi. A can masu bincike suka kewaye wasu filaye na bakin kurmin da waya, suka hana shanu da wuta shiga, sai ga itatuwa suna dawowa da kansu. Wato ƙasar ba ta mutu ba, hutu take nema. Da fili ya yi ƙaranci kuma, rigimar ta tashi daga kan ciyawa ta koma kan mutane. A Yunin 2017 an yi mummunan rikici tsakanin Mambilawa manoma da Fulani makiyaya, aka rasa rayuka da dukiya mai yawa.

A arewa da Mambila kuwa, a gandun Gashaka-Gumti, mafi girma a Najeriya, an gwada hanya ta tsakiya. Nan ne Cabbal Waddi yake, dutse mafi tsawo a ƙasar, mita 2,419. Tun kafin a mai da wurin gandun ƙasa a 1991 aka ware wasu yankuna a cikinsa, irin su Cabbal Hendu da Filinga da Sabere, aka ce mazaunansu su ci gaba da kiwo da noma, da sharaɗin ba farauta. Wannan ya hana irin abin da ya faru a Keran. Sai dai an shata iyakar fili ba a tsayar da adadin shanu yadda ya kamata ba. Garkuna suka ƙaru, baƙi suka shigo, wuta ta yi ta cin bakin kurmi. Tun 2017 wata gidauniya mai suna ANI take aiki da hukumar gandayen Najeriya don gyara lamarin. Abin koyo a nan: layi a kan taswira ba ya hana saniya ta 500 shiga inda 200 kaɗai za su ƙoshi.

Inda aka iya, da abin da muka gada

A tsaunukan Habasha, a yankin Menz, akwai wani fili da ake kira Guwasa, a sama da mita 3,000, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 100. Sama da shekara 400 mutanen wurin suna tafiyar da shi bisa wata ƙa'ida tasu mai suna Kero. Sukan rufe filin shekaru a jere, ba kiwo ba yankan ciyawa, sai shugabannin da suka zaɓa sun ga ta ƙosa. Sannan a buɗe na ɗan lokaci a yanki ta jinka, ko a shigar da dabbobi idan fari ya matsa. Wanda ya saɓa a ci shi tara. Da gwamnatin soja ta karɓe filaye a 1975 tsarin ya rushe, filin ya fara lalacewa, sai jama'ar suka sake farfaɗo da shi. Yau a nan ake samun kyarkecin Habasha, wanda 'yan ɗaruruwa kawai suka rage a duniya, da birin gelada. Ba don son kyarkeci suka tsare filin ba. Rumbun ranar wahala suka tsare, kyarkeci ya ci albarkaci.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. A fiƙihu akwai babin hima, wato filin da shugaba yake keɓewa don maslahar jama'a. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Abin da ya fi jan hankalina shi ne umarnin da Umar ya ba mai kula da filin: ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tare garkunan manyan attajirai, domin attajiri idan dabbobinsa suka halaka yana da gona da dabino, talaka kuwa ba shi da wurin komawa. Ka ga an tsayar da adadi, an kuma faɗi wanda za a fara ragewa.

A ƙasar Hausa ma kalmomin suna nan a bakinmu: hurumi, burtali, mashaya, makiyaya. Kowace a cikinsu doka ce da aka san mai tsaron ta. An san bayan kaka garke zai shiga gona ya ci kara ya bar taki, an san kafin shuka zai fita. Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, Nijar kuma a 2010 ta yi dokar da ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Dokokin ba su warware komai da komai ba, amma sun nuna cewa tsari ake nema.

Abin da zai yiwu a tudunmu

Dokar daji ta Togo ta 2008 tana nan, kuma kiwo a cikin gandun ƙasa haramun ne. Ni ban ce a buɗe tsakiyar Fazao ba. Dole a bar wa giwa da ɓauna wurin da ba za su ji sanda ba, musamman maɓuɓɓugan ruwa da kurmin da ke kewaye da su. Amma hani ba ya tsayawa da ƙafa ɗaya. Idan an ce kada a bi nan, sai a nuna inda za a bi: burtali mai alama wanda ba a nome shi ba, da rijiya ko tafki a kan hanya a tazarar da saniya za ta iya kaiwa, da wurin kwana. Wani kaso na kuɗin da ake karɓa a kan kowace saniya ya kamata a gan shi a nan, a rijiya da allurar rigakafi. Mutum ya fi biyan haraji da daɗin rai idan ya sha ruwansa.

A tsaunukan da ke wajen gandu kuwa, a Danyi ne ko a kewayen Fazao, a raba gangare kashi-kashi, wannan a ci bana, wancan ya huta. A sauko da garke da zarar ruwan farko ya sauka, a bar toho ya yi ƙarfi. A yi ƙuna da wuri, guntu-guntu, a bar tazara tsakaninta da kurmi. A ƙidaya shanun da kowane kwari zai ɗauka, idan za a rage a fara da manyan garkuna, kamar yadda Umar ya yi.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai an zauna da mai sandar. Akwai ƙungiyoyin ƙauyuka da ake kira AVGAP, waɗanda aka kafa don jama'ar bakin gandu su sa baki a tafiyar da shi. Tunani ne mai kyau. Sai dai makiyayi sau da yawa ba ɗan ƙauyen ba ne, ba shi da gona a nan, yaransa ba sa lakwal, sanarwa kuma da Faransanci take fitowa. A ba arɗo kujera, a yi magana da Fulatanci da Hausa, a faɗi ranar buɗewa da ranar rufewa a rediyo da kasuwannin shanu. Dokar da mutum ya ji da kunnensa, ya kuma sa baki a cikinta, ita yake jin kunyar karyawa.

Rabonmu a ciki

Yanzu bari in zo kanmu, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba duk garken da ke kan tudu ba ne na Bafulatanin da ke bin sa. Da yawa na mutanen birni ne: 'yan kasuwa, ma'aikata, alhazai, har da wasu a cikinmu. Mun mai da saniya asusun ajiya, mun damƙa wa yaro ɗan shekara ashirin, muna ba shi abin da bai taka kara ya karya ba, kuma ba ma son mu ji an ce ko ɗaya ta rame. To ina zai kai su a watan Maris? Idan aka kama shi a cikin gandu shi ne zai kwana a hannun jandarma, mai shanun yana Lome yana shan iska.

Alhaji, idan kana da garke a arewa, tambayi inda yake yin rani. Ka sayi dusa da ƙulin auduga da harawa tun da kaka, lokacin da suke da araha, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sayar da bijiman da suka ƙosa kafin bazara, kada ka jira su zube. Saniya 60 masu ƙiba sun fi 100 da ake ɗagawa da igiya, kowane mahauci a Lome zai faɗa maka haka.

Shugabannin dillalai da na mahauta kuma suna da abin da ma'aikacin daji ba shi da shi: sun san masu garkunan da sunayensu, kuma ana jin maganarsu daga Adetikope har Cinkase. Hausa ce harshen cinikin shanu a wannan hanya. Idan hukuma za ta zauna kan tsarin kiwon rani mai zuwa, bai kamata a ce ba mu da wakili a wurin ba, kuma bai kamata mu jira sai an gayyace mu ba. Limamanmu su taɓo babin hima a wa'azi kafin rani ya shigo. Mu malaman makaranta kuma mu nuna wa yara a taswira inda namansu da ruwansu suke fitowa.

Ɓauna ba ta da ƙuri'a, makiyayi ba shi da lauya, ciyawa kuma ba ta magana sai ta ƙare. Mu da muke cin amfanin su duka, muna kuma da bakin da ake ji a birni, mu ya kamata mu fara tambayar: bana garkuna nawa za su hau tudu, wane gangare ne zai huta, kuma ranar nawa ga wata za a sauko? Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.